Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Masu Neman Koyarwa a Jami'a

Ya ku ƙannena maza da mata, duk shekara idan aka yaye masu bautar ƙasa, akan samu wasu daga cikinku da zuciyarsu ba ta bar jami'a ba. Sun fita da sakamako mai kyau, malamansu sun yaba musu, suna jin aji da laburare ne muhallinsu. Sai su ɗauki ambulan cike da takardu su riƙa zarya tsakanin ofishin magatakarda da na shugaban sashe, wata ya bi wata, shekara ta bi shekara. Idan shiru ya yi yawa, sai a ji maganar nan da ta zama ruwan dare a majalisun matasa: aikin jami'a sai mai hanya, sai mai uwa a gindin murhu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma zan dawo kanta ba tare da kara ba. Amma illarta ta fi gaskiyarta yawa, domin tana sa yaro ya ɓata shekarunsa mafi albarka wajen neman wanda zai buga waya dominsa, alhali abin da jami'a take aunawa ana tara shi ne tun kafin a fitar da sanarwar gurbin. Hujjata a kan abu ɗaya take: ranar da kuka zauna gaban kwamiti an riga an gama mafi yawan hukunci a kanku, kuma ku kuka rubuta shi da hannunku a shekarun da suka gabata. Wanda ya gane haka zai rage bin gidajen manya, ya koma tara shaidar da baƙon da bai taɓa ganinsa ba zai karanta ya gamsu.

Mu fara da tambayar da masu nema ba su cika yi wa kansu ba: daga ina gurbin aiki yake fitowa? Mai nema buƙatarsa yake dubawa, yana son albashi da mutuncin a kira shi malam. Ita kuwa jami'a giɓin da ke cikin gidanta take dubawa. Gurbi yakan samu idan malami ya rasu, ko ya tafi wata ƙasa, ko aka buɗe sabon kwas, ko wani ya yi ritaya, kuma tun bayan gyaran dokar jami'o'i a 2012 farfesa yana iya zama a bakin aiki har ya cika shekara 70. Amma babu abin da ke hana shugaban sashe barci kamar ziyarar tantancewa ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962 ta kuma samu cikakken ikon doka a 1974. Tawagarta takan ƙirga malamai ta kwatanta da yawan ɗalibai, ta duba nawa ne masu digiri na uku, ta duba daidaito tsakanin manyan malamai da ƙanana, ta kuma tambayi wa ke koyar da kowane reshe na fannin. Kwas ɗin da ya faɗi wannan jarrabawa ana iya hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Saboda haka sashen Hausa da ya cika da masana adabi amma babu mai riƙe da ilimin furuci da tsarin sauti, ba zai yi ɗokin ƙarin masanin ƙagaggun labarai ba komai ƙwazonsa. Mai tsarin sautin yake jira. Haka sashen tattalin arziki da ya rasa mai koyar da ƙididdiga. To kafin ka zaɓi abin da za ka ƙware a kai a digiri na biyu, nemi littafin jagorar sassa uku ko huɗu, ka duba jerin malamansu da kwasa-kwasansu, ka gano reshen da kowa ke gudu. Sau da yawa reshen da ɗalibai suke tsoro saboda wahalarsa, masu shi ne ake nema ruwa a jallo.

Ko bayan sashe ya nuna buƙata, takardar tana da doguwar tafiya. Za ta bi ta tsangaya, ta je kwamitin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma, ta isa majalisar gudanarwa, kuma sai an tabbatar akwai kuɗin albashin a kasafi. A jami'o'in tarayya akwai ƙarin sharaɗin Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa a 1996 don kada wata jiha ko wani yanki ya mamaye aikin gwamnati. Shekaru da dama kuma tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, ya ɗaure hannun jami'o'i, domin sabon malami ba ya ganin albashi sai an shigar da sunansa daga Abuja, har sai da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire su daga tsarin a Disamban 2023. Ke nan shirun da kuke ji ba kullum yake nufin an raina ku ba. Wani lokaci shugaban sashen da kuke zargi shi ma jira yake yi. Sannan ku faɗaɗa ganinku. A 1948 kwalejin jami'a ɗaya tak ake da ita, a Ibadan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta zo a 1962, na Sakkwato da Maiduguri suka biyo baya a 1975, ta Bayero ta zama cikakkiya a 1977. A 2011 aka kafa sababbin jami'o'in tarayya a garuruwa irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Wukari, a 2013 aka ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Masu zaman kansu sun fara samun lasisi a 1999, yau kuma jami'o'in Nijeriya sun haura 250. Tsofaffin ake rububi, sababbin ke ƙishirwar malamai. Matashin da ya rantse ba zai koyar ba sai a jami'ar garinsu, kusa da tuwon gyatuma, shi ya rage wa kansa kasuwa.

Yanzu ku dubi matakalar da kuke son hawa, domin siffarta ce babbar hujjata. Matakai bakwai ne a tsarin da aka saba: ɗan koyon aiki mai digiri na farko, mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, lakcara mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sai farfesa. Matakin farko akan keɓe shi ga wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, kuma ya gama bautar ƙasa. Mai digiri na biyu yakan shiga a matsayin mataimakin lakcara, mai digiri na uku kuma yakan fara daga lakcara mai daraja ta biyu. Wanda aka ɗauka yakan yi shekara biyu ko uku na gwaji kafin a tabbatar masa da aikin. Daga nan kowane hawa da farashinsa na shekarun koyarwa da maƙalun da aka buga, kuma a yawancin jami'o'i ba a zama babban lakcara sai da digiri na uku. Idan aka zo matakai biyu na ƙarshe, jami'a ba ta yarda da hukuncin kanta ita kaɗai: takan tattara rubuce-rubucen malami ta aika wa farfesoshin wasu jami'o'i a asirce su auna. Wato aiki ne da aka gina shi tun daga tushe a kan cewa wata rana baƙo zai zauna shi kaɗai da rubutunka, ba ya jin muryarka, bai san mahaifinka ba. Rahoton kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don nazarin buƙatun jami'o'i a 2012 ya nuna masu digiri na uku ba su kai rabin malaman jami'o'in gwamnati ba. Wannan rauni ne ga ƙasa, amma ga mai nema ishara ce a kan abin da ake ƙaranci.

Idan sanarwa ta fito, a jarida ko a shafin jami'a na intanet, takan faɗi ƙa'idoji dalla-dalla: kwafi nawa ake so, tsarin da za a bi wajen rubuta tarihin karatu da aiki, ranar rufewa, wadda sau da yawa mako shida ce daga ranar bugawa, da umarnin cewa mutum uku da suka san mai nema su aika da shaidarsu a rufe kai tsaye ga magatakarda. Masu nema da yawa a nan suke faɗuwa, tun kafin wani farfesa ya ga sunansu. Ma'aikacin da aka jibge wa ɗaruruwan ambulan, a zagayen farko dalilin rage tarin yake nema. Takardar makin digiri ba ta zo ba, sunan da ke shaidar haihuwa ya saɓa da na digiri kuma babu takardar rantsuwa, masu shaida biyu ba su aiko ba: kowanne ya isa a ture fayil gefe ba tare da an zalunci kowa ba. Sai kuma wasiƙar neman aikin kanta. Wasu sukan cika ta da roƙo, su ce maraici, su ce nauyin iyali, a taimaka don Allah. Tausayi abu ne mai kyau, amma babu gurbinsa a takardar makin kwamiti. Wasiƙar da take aiki gajeriya ce: ga abin da na nazarta, ga abin da na gano, ga kwasa-kwasai uku a manhajarku da zan iya ɗauka daga zango mai zuwa, ga binciken da nake son ci gaba da shi. Mai karanta ta abokin aiki yake gani wanda zai rage masa kaya. Kuma kada ka aika wasiƙa ɗaya ga jami'o'i goma ka canja suna kawai. Wanda ya shekara ashirin yana duba takardun ɗalibai ba a ɓoye masa kwafe.

Mu zo kan maƙala, wadda ita ce kuɗin wannan kasuwa, kuma kamar kowane kuɗi tana da jabu. Da aka ga ana ƙirga maƙalu, sai wasu mujallu suka taso waɗanda aikinsu karɓar kuɗi da buga duk abin da aka aiko cikin 'yan kwanaki, babu masanin da ya duba. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayen irinsu kafin a rufe jerin nasa a farkon 2017. Yanzu kwamitoci da dama sukan tambayi ko mujallar tana cikin rumbuna irin su Scopus ko AJOL, ko kuwa ta wata sananniyar ƙungiyar masana ce, sukan kuma saka rubutu a manhajar gano kwafe irin Turnitin. Ga kuma al'adar nan ta sa sunana in sa naka, inda mutum biyar suke raba maƙala biyar, kowa bai karanta huɗu ba. Dabarar tana cika takarda, amma tambaya ɗaya take fasa ta a gaban kwamiti: malam, yi mana bayanin yadda ka tattara bayanan wannan binciken. Shawarata ita ce ka ɗauki babi mafi ƙarfi a kundin digirinka na biyu, ka tace shi, ka aika wa mujallar da za ta wahalar da kai. Za a dawo maka da shi da gyara mai ɗaci, wataƙila a ƙi shi sau ɗaya ko biyu, lamarin yana iya cin shekara guda. Ɗacin nan shi ne karatun. Maƙala ɗaya da za ka iya karewa layi bayan layi ta fi goma da kake addu'ar kada a buɗe su. Kuma abin da aka buga ba ya gogewa. Jabun da ya shigar da kai yau yana nan yana jiran ranar da za a aika takardunka waje don neman farfesa.

A nan ya kamata a raba abu biyu da matasa suke cakuɗawa, wato hanya da shaida. Hanya ita ce wani babba ya ce a ɗauke ka saboda kai nasa ne. Shaida ita ce malamin da ya duba kundinka ya rubuta cewa ya ga aikinka da idonsa, ya san kana cika alkawari, ya san ƙarfinka da rauninka. Ta farko cuta ce. Ta biyu kuwa ginshiƙin ilimi ce a ko'ina, kuma malaman zaure sun san ta tun kafin zuwan boko: ɗalibi ba ya zama malami da faɗarsa sai malaminsa ya yi masa izini, kuma akan tambayi mutum a wurin wa ya yi karatu. Shaida ba a roƙonta rana ɗaya. Ana gina ta ne lokacin da kake kawo gyaran babi a ranar da ka ce, lokacin da kake zuwa taron ƙara wa juna sani na sashe ka yi tambaya mai ma'ana, lokacin da aka ba ka aikin tattara bayanai ba ka yi ha'inci ba. Ɗalibin da ya ɓace shekara biyar, sannan ya bugo waya da daddare yana son wasiƙa gobe da safe, layi huɗu na ladabi zai samu, kuma kowane kwamiti ya san fassararsu. Ka zaɓi waɗanda suka san aikinka ko da ba su da babban suna, ka ba su sanarwar da tarihin karatunka da isasshen lokaci. Wasiƙar babban lakcara da ta ambaci abin da ka gano a bincikenka ta fi ta mai sarauta ko ɗan majalisa da ba ta ce komai ba sai cewa kai yaron kirki ne.

Ranar intabiyu galibi za ka tarar da shugaban tsangaya da shugaban sashe da wakilin magatakarda da wasu manyan malamai, wasu wuraren kuma sukan ce ka koyar da ɗan gajeren darasi ko ka rubuta jarrabawa. Abu uku suke son sani: ko kai ka yi aikin da ke cikin takardunka, ko za ka iya tsayawa gaban aji mai ɗalibi ɗari biyu ka fahimtar da su, da ko za a iya zama da kai shekara talatin a sashe ɗaya. To ka koyi faɗin bincikenka cikin minti biyu yadda ƙanenka na sakandare zai gane, domin wanda ya kasa sauƙaƙa magana yawanci bai gama fahimtarta ba. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo. Malamai sun fi kowa gane kame-kame, sana'arsu ce. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya abin alfahari ce, amma a wannan ɗaki kunyar da ta hana a ji muryarka za a ɗauke ta rashin iya koyarwa. Ka gaishe su da ladabi, ka ɗaga kai, ka yi magana a ji. Ƙannena mata, ku riƙe wannan da kyau: takardu komai kyansu ba sa magana a madadin mai su.

To mai musu zai ce duk wannan zancen takarda ne, mun ga waɗanda aka ɗauka ba sanarwa, mun ji ana sayar da gurbi. Ba zan ƙaryata shi ba. Son kai da alfarma da fifita ɗan gida suna nan, kuma cinikin guraben aikin gwamnati ya yi ƙamarin da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Amma mu sa maganar a ma'auni. Ko a inda alfarma ta ci wasu guraben, ba ta iya cinye duka, domin akwai ajin da dole wani ya shiga ya koyar, akwai tawagar tantancewa da dole a nuna mata masu digiri na uku, akwai kundayen da dole wani ya duba. Sashe yana iya goya raggo ɗaya ko biyu, amma sai da masu jan kaya. Shi kansa mai alfarmar ya fi son wanda ba zai kunyata shi ba. Idan sunaye biyu suka zo gabansa, mai cikakkun takardu ya fi sauƙin karewa. Mafi muhimmanci kuma, ka duba abin da kowane zaɓi yake bar maka idan bai ci ba. Wanda ya shekara uku yana zaman ƙofar gidan manya, idan aka hana shi ya tashi da cinyayyen takalmi da zubewar mutunci. Wanda ya shekara uku yana digiri na biyu da buga maƙala biyu, idan aka hana shi a nan, kayansa suna hannunsa, zai kai su wata jami'ar ko cibiyar bincike ko wurin neman tallafin karatu. Mai sayen gurbi kuwa ya sa kansa tsakanin ɗan damfara da hukuma: ko kuɗinsa su tafi a kan takardar bogi, ko ya fara tarbiyyar 'ya'yan mutane da ba da cin hanci, sannan ya zo yana yi wa ɗalibai wa'azi a kan satar jarrabawa.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma na talaka ne: da wane kuɗi zan yi digiri na biyu da na uku, kuma ko na samu aikin, albashin zai riƙe ni? Gaskiya ɗaya ce, koyarwa a jami'ar gwamnati ba hanyar tara dukiya ba ce. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta shafe fiye da shekara goma tana taƙaddama da gwamnati a kan yarjejeniyar da suka ƙulla a 2009. Yajin aikin 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka kuma riƙe albashin malamai da hujjar ba aiki ba biya. Wanda burinsa mota da gida cikin shekara biyar ya nemi wata sana'ar tun da wuri, ba laifi ba ne. Ya fi ya shiga ya koma tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi. Amma wanda ya auna ya ga yana son aikin duk da haka, akwai dabarar shiga. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 ya ɗauki sunansa na yanzu a 2011, yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman da suke cikin aiki a jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha na gwamnati. Ke nan ƙaramin gurbi a kwalejin ilimi ta wata jiha yana iya zama gadar da za ta kai ka digiri na uku. Akwai kuma tallafin ƙasashen rainon Ingila, da na hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, da na asusun PTDF ga masu fannonin man fetur, kuma dukkansu abin da suke tambaya shi ne sakamako da tsarin bincike mai ma'ana da shaidar malamai. Koyarwar wucin gadi ma tana ƙara gogewa, sai dai ka sa mata wa'adi. Kada ka shekara bakwai kana aikin sa-kai a kan alkawarin fatar baki.

Shaida kuma tana ƙetare iyaka, hanya kuwa ba ta wuce garin mai ita. 'Yan'uwanmu na Nijar, a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, an daɗe ƙarin girmansu yana bi ta majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da hedikwata a Wagadugu, inda masana daga ƙasashe daban-daban suke zama su auna fayil. A Amurka akan fitar da sanarwa kusan shekara guda kafin fara aiki, a tace masu nema zuwa uku ko huɗu, a gayyace su su gabatar da bincikensu gaban sashe, wanda aka ɗauka kuma yakan yi kimanin shekara shida kafin a yanke hukuncin tabbatar da shi, nan ma da wasiƙun masana na waje. Tsari ya bambanta, amma tambayar ɗaya ce: me ka yi, wa ya duba shi, wa zai tsaya maka a kansa? Wanda ya tanadi amsarta ya tanadi hajar da kasuwanni da yawa suke saya.

Saboda haka, ƙannena, ku mai da lissafi baya. Idan kana aji biyu a jami'a yau, neman aikinka ya riga ya fara, domin makin wannan zangon yana cikin darajar digirin da za a duba. Idan kana bautar ƙasa, ka karɓi takardar makinka, ka daidaita sunayenka, ka koma ka gaida malamin da ya duba kundinka tun kafin ka buƙace shi. Idan kana digiri na biyu, ka zaɓi reshen da ake ƙaranci, ka rubuta kundin da hannunka, ka fitar da maƙala ɗaya ta gaskiya daga cikinsa. Idan ka nema aka ƙi ka, kada ka yi zuciya, kada kuma ka ɗora wa kowa laifi kafin ka sake karanta fayil ɗinka da idon wanda bai san ka ba. Ka gyara abin da ka gani, ka aika wani wurin. Rabo na Allah ne, babu mai ja, amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Ku kuma tuna cewa wanda aka ɗauka yau shi ne zai zauna a kwamiti bayan shekara ashirin. Idan kun shiga da shaida, za ku nemi shaida a wurin na bayanku ba tare da kunya ba. Idan kun shiga ta taga, ba ku da bakin hana wani haurawa. Ku fafe goranku tun yanzu, tafiya tana nan tafe.